Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Ziyarar Duba Zanen Bangon Sashenmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Mai Martaba lafiya. A madadin malamai, ɗalibai da ma'aikatan wannan sashe, muna yi muku barka da zuwa, sannu da hanya.

Ranka ya daɗe, abin da za ku gani yau gadon gidanku ne. Tun zamanin Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, magina ke ƙawata ƙofar zaure domin baƙo ya san gidan da ya zo. Manufarmu ke nan: sabon ɗalibi ya shigo ya tarar da dagi da kayan karatunsa a bango, hankalinsa ya kwanta.

Amma zane ba ya daɗewa sai an gyara bangon. Sabon filasta sai ya yi kwana 28 kafin fenti ya hau shi, in ba haka ba siminti ya cinye launin. Inda danshi ke tasowa daga ƙasa ko indararo ke yoyo, gishiri kan fito fari fat ya ɓamɓare zanen kafin damina ta biyu, don haka daga rufi ake fara gyara. Sai a wanke, a cike tsagu, a goge, a shafa fentin shimfiɗa, wato na farko da zanen zai hau kansa.

Ana fara zanen a takarda mai gidaje na santimita 2, a mayar da kowane gida santimita 20 a bango da alli. Lita ɗaya ta fenti kan rufe kusan murabba'in mita 10, kuma shafa biyu ake yi, da sassafe, kafin bango ya yi zafi. A hunturu ƙura kan manne wa ɗanyen fenti. Mita ɗaya daga ƙasa a bar shi da launi mai duhu, saboda kujeru da masu jingina. Kusa da wurin salla kuwa, zanen dagi da rubutu kaɗai ya dace.

Roƙonmu ɗaya ne, ranka ya daɗe: a yi wa Sarkin Magina izini ya riƙa zuwa yana koya wa ɗalibai haɗa makuba da laso, wato kayan shafen bango na gargajiya, domin masu iya su suna ƙaranci.

Bismillah, Mai Martaba, mu fara da bangon ƙofar shiga.