Kushewar sojojinmu a ƙauyen Chasselay

Salamu alaikum mutanen Tawa, 'yan uwana Adarawa na gida da na ci-rani. Yau na baro Lyon na yo arewa kaɗan, ga ni a wani ƙauye, Chasselay. Ku dubi katangar nan ja a tsakiyar gonakin Nasara, sai ka rantse maginanmu ne suka ɗora ta. Maƙabarta ce. Mutum kusan 200 ke kwance ciki, yawancinsu baƙar fata, 'yan runduna ta 25 ta sojojin da Faransa ke kira na Senegal, alhali daga duk ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma take ɗibarsu, har da Nijar.

Abin da ya fi ci mini rai, ranar 17 ga Yuni 1940, lokacin yaƙin Hitila, Marshal Pétain, shugaban gwamnatin Faransa a lokacin, ya riga ya ce a daina faɗa. Amma aka ce wa waɗannan bayin Allah su tare hanyar Lyon, suka tare. Ranakun 19 da 20 suka yi ta ɗauki-ba-daɗi da Jamusawa har harsashi ya ƙare. Da suka miƙa wuya, sai aka ware fararen hafsoshinsu gefe, su kuma aka kora su cikin fili, tankokin yaƙi suka buɗe musu wuta, suka bi ta kan waɗanda suka faɗi. A 2019 hotunan da wani sojan Jamus ya ɗauka ranar suka fito, ba sauran musu.

Bari in matso da kyamara. Wannan dutse akwai suna. Na kusa da shi "Inconnu" kawai aka rubuta, ba a san ko wane ne ba. Na gaba ma haka. Wata uwa can ta yi ta jiran ɗa, ko takardar rasuwa ba ta gani ba. Allah ya jiƙansu. Mutanen ƙauyen dai sun kyauta, su suka tattara gawawwakin, kuma tun 1942 aka gina wurin.

Waɗanda suka koma gida fa? A 1959 Faransa ta tsayar musu da fansho wuri ɗaya ba ƙari, sai 2011 aka daidaita shi da na Faransawa, lokacin yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

To Baba, Inna, duk gidan da kakansu ya je yaƙin Hitila, a buɗe adaka. In an ga littafin soja, a ɗauki hoton shafin da lambar runduna take, a turo mini ta WhatsApp in gwada da sunayen nan.