Alama ɗaya ta mayar min da lambu fadama

Assalamu alaikum jama'a. Yau ba doguwar gaisuwa, raina a ɓace yake. Bari in juya kyamara ku gani da idonku, kada a ce na ƙara gishiri. Kun ga inda takalmina ya nutse? Nan fa cikin ɗakin leda ne, inda nake rainon tumatir. Kwana huɗu kacal na yi ba na gari, na dawo na tarar da fadama. Saura kwaɗi kawai.

Abin da ya fi ci min rai, ba wanda zan kama. Da yaran unguwa ne suka buɗe min famfo, da na samu wanda zan yi wa faɗa na huce. To ni na yi wa kaina, da hannuna, wajen ƙarfe ɗayan dare.

Bari in nuna muku mai laifin. Wannan 'yar akwatin da na ɗaure a jikin katako, Raspberry Pi ce a ciki, kwamfutar nan mai girman katin banki da aka fara fitarwa a 2012. Wannan wayar kuma tana tafiya zuwa ma'aunin danshi da na soke a ƙasa. Pi ba ta iya karanta irin wannan ma'auni kai tsaye, sai an haɗa mata wani ɗan guntu, MCP3008, shi ke mayar da abin da ma'aunin ya ji ya koma lamba daga 0 zuwa 1023. Na rubuta 'yan layuka da Python, yaren ba kwamfuta umarni: duk minti goma ki duba lambar, in ƙasa ta bushe ki kunna injin ruwa na daƙiƙa 30. Shi ke nan. Wata biyu yana aiki lafiya lau, har ina kiran mutane su zo su gani. Kuɗin da na zuba a wayoyi da tiyo da batir kuwa, da tumatir na saya da su da na yi kyauta har na gaji, amma wannan zancen a bar shi a nan, kada ya je kunnen uwargida.

To tsohon ma'aunin nawa irin mai ƙafa biyu na ƙarfe ne, tsatsa ta cinye shi. Haka suke dama, wuta na ratsa ƙarfe a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ba sa daɗewa. Daren da zan yi tafiya na ce bari in sa sabo, irin wanda ƙarfensa ke rufe. Abin da ban tsaya na duba ba shi ne, tsohon idan ƙasa ta jiƙe lambarsa sama take yi, sabon kuwa idan ta jiƙe ƙasa take yi. A rubutuna akwai alamar nan mai kama da bakin tsuntsu, wadda ke cewa "in lamba ta gaza kaza, ba da ruwa". Ban juya bakinta ba. Sannan don ƙwazo, kafin in fita na ɗauki bokiti na ba su ruwa da hannu, wai su samu na guzuri. Ina rufe ƙofa na'ura ta ga lamba ta faɗi, ta ce ƙishi ne, ta zuba. Ƙasa ta ƙara jiƙewa, lamba ta ƙara faɗuwa, ta ƙara zubawa. Sau 144 a rana. Durona lita 200 yake ci, injin yana tura wajen lita ɗaya a kowane kunnawa, ku lissafa: kwana ɗaya da rabi ya yashe shi tas. Sauran kwanakin yana ta gurnani a busasshen duro har ya ƙone. Ku shinshina, au, na manta ba za ku ji ba. Ƙauri ne kawai.

Gargaɗina ga duk mai wasa da irin waɗannan kaya: kada ka taɓa canja komai daren da za ka yi tafiya. Ko da kana ganin abin na minti biyu ne. Kuma ka sa wa injinka iyaka, ka ce ko duniya za ta tashi kada ya wuce sau kaza a rana. Layi uku ne, na san da su, ƙyuya ce ta hana ni.

Da na zauna a kan wannan bokitin ina cizon yatsa, sai na tuna ai ba ni na fara ba, har na ɗan ji sanyi. Ranar 4 ga Yunin 1996 Turawa suka harba rokar Ariane 5 karo na farko, wajen daƙiƙa 40 da tashi ta tarwatse a sama. Dalili? Sun ɗauko rubutun da ya yi aiki lafiya a Ariane 4 suka ɗora wa sabuwa, ita kuma ta fi gudu, wata lamba ta yi girman da ba ta shiga gurbin da aka tanadar mata, kwamfutar ta rikice. Tsohon rubutu, sabon ƙarfe. Ciwonmu ɗaya da su, sai dai ni tumatir goma sha biyu na jiƙa.

Ku dubi ganyen nan yadda ya yi laushi ya sunkuyar da kai. Wanda bai sani ba zai ce ruwa yake nema, ya ƙara masa. Saiwa ma numfashi take yi, idan ruwa ya cike duk 'yan ramukan iskan da ke cikin ƙasa sai ta shaƙe, ta kasa jan ruwan da take kwance a ciki. Waɗannan 'ya'yan kuma da suka tsage, ruwa ne ya shige su da yawa lokaci guda, fata ta kasa ɗauka.

Akwai wata dattijuwa mai fili kusa da nawa, ta fi shekara talatin a nan. A Ingila ƙaramar hukuma ke ba da hayar irin waɗannan filayen noman, tun dokar 1908 aka ɗora mata nauyin samar da su, cikakken fili wajen murabba'in mita 250 ne, ni rabi na samu bayan na gaji da jiran layi. Ɗazu ta leƙo, ta dubi caɓin nan, ta dubi akwatina, ba ta ce uffan ba. Sai ta tsuguna ta cusa yatsa a ƙasarta har gaɓa ta biyu, ta zaro ta nuna min. Wai nata ma'aunin ke nan. Na yi dariyar yaƙe. Tana da gaskiya, amma yatsa ba ya ba da ruwa idan kana wani gari, wannan ban faɗa mata ba.

Yanzu abin da ke hana ni barci shi ne danshin da ya cika ɗakin nan. Akwai cutar da ke ƙona ganyen tumatir da dankalin Turawa, Phytophthora infestans, ba abin da take so irin ɗumi da laima. Masu bincike a nan har ƙa'ida suka fitar, ana ce mata ma'aunin Hutton: kwana biyu a jere sanyi bai sauka ƙasa da digiri 10 ba, kuma kowace rana an samu awa shida laimar iska ta kai kashi 90, to ka shirya. Ina jin wannan na ce ai wannan rubutun kwamfuta ne tsaf, layi biyar ya ishe ni in sa waya ta riƙa yi min ƙara. Kun ga halin nawa ko? Ban gama kwashe ɓarnar na farko ba ina ƙulla na biyu.

Ita ce fa cutar da ta faɗa wa dankalin Ayalan a 1845. Mutane sun haura miliyan 8 a tsibirin a lokacin, talakawa sun dogara kusan kacokan kan iri ɗaya mai suna Lumper. Wajen miliyan ɗaya suka mutu a yunwar da ta biyo baya, wasu kamar haka suka yi hijira, har yau yawan mutanen tsibirin bai koma yadda yake ba. Ina cire ciyawa ina ta saƙa da warwara: da a ce iri biyar suke shukawa fa? Da a ce jirgin da ya ɗauko cutar daga nahiyar Amurka ya nutse a hanya? Wataƙila wani jirgin ya kawo ta bayan shekara biyu. Da birane irin su Boston da Libaful sun zama wasu garuruwa daban. Haka nan tumatir ɗin da nake wa wannan wahala, asalinsa daga nahiyar Amurka ne, Turai ba ta san shi ba sai bayan 1500, wani likitan Italiya Mattioli ya rubuta bayaninsa a 1544. Da a ce ba a tsallaka tekun ba, da me nake nomawa a nan? Kabeji, ina jin. Allah Ya kyauta. Lambu wurin irin wannan tunanin ne, hannu na aiki, kai ya tafi yawo.

Wani lokacin kuma tunanin ba ya zuwa da nisa haka. Da a ce rana ta nan tana da ƙarfin wadda na taso a cikinta, da wannan caɓin ya bushe kafin la'asar. Nan a watan Yuni sai ta kai kusan ƙarfe goma na dare da sauran haske, amma hasken ne kawai, ba zafi. Wallahi akwai ranar da nake tsayawa in ɗaga fuska sama ina jiran ta ɗan cije ni, shiru.

Kai, ku tsaya. Ku dubi ƙarƙashin wannan katakon. Ɗaya, biyu, biyar, bakwai. Dodon koɗi marar kwanso, sun ji labarin walima. Kada wanda ya ce min in zuba ɓawon ƙwai ko in zagaye tukunya da jan ƙarfe, na gwada, kuma ƙungiyar masu lambu ta RHS ta gwada su a kan latas a 2018 ba ta ga wani bambanci ba. Maganin nan mai metaldehyde an hana amfani da shi a waje tun Afrilun 2022 saboda yana illa ga tsuntsaye da sauran dabbobi. Su RHS ɗin ma sun ce sun daina kiransu maɓarnata, wai a cikin iri 44 da ke ƙasar tara ne kawai ke cin shuka. To taran nan duk adireshina suke da shi.

Bari in ajiye kyamara in buɗe ƙofofin nan biyu iska ta ratsa, in haƙa 'yar hanya ruwan ya gangara. Alamar kuwa tuni na juya bakinta ta waya, daƙiƙa biyu ba ta ɗauke ni ba. Da magariba zan dawo da tocila da bokiti saboda waɗannan bakwai ɗin da danginsu.