Tsarabar Yara: Me Za A Ba Su In Ba Kayan Wasa Ba?

[Hoto: kwandon kayan wasa a kusurwar ɗaki]

Assalamu alaikum iyaye, kawunnai da gwaggonni, barkanmu da war haka.

Ku dubi kwandon nan. Daga ɗakin yayata na ɗauko shi, da izininta. Ga mota mai ƙafa uku. Ga 'yar tsana babu hannu ɗaya. Ga bindigar ruwa da ta tsage, ga wayar roba da ta daina kuka tun daren sallah. Rabin abin da ke ciki ni na saya. Jar motar nan ranar jajiberin ƙaramar sallah na saye ta, na miƙa wa ɗan yayata bayan an sauko daga idi. Ya yi ta tsalle yana nuna wa kowa. Kafin la'asar ƙafa ɗaya ta fita, washegari ko kallon inda take bai yi ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin faranta masa na yi niyyar yi, sai ga shi farin cikin bai kai magariba ba.

Tun daga ranar na fara tambayar kaina: in zan yi wa yaro tsaraba, ko goron sallah, ko kyautar saukar Alƙur'ani, ko ta cin jarrabawa, dole ne sai roba? Abin da na gano shi zan gaya muku yau. Akwai kyautar da ake zuwa a gani ko a koya, akwai kuma wadda ake ci ko a yi aiki da ita har ta ƙare.

Kada a fahimce ni a baibai. Wasa shi ne aikin yaro, kuma ba na faɗa da shi. Mu ma da motar kara da ta gwangwani muka tashi, 'yan mata da 'yar carafke da wasan girki a bayan ɗaki. Abin da ke damuna shi ne tarin. A jami'ar Toledo da ke Amurka an taɓa gwada yara 36, masu wata 18 zuwa 30 da haihuwa. Wani lokaci a sa yaro a ɗaki da kayan wasa 16, wani lokaci da guda 4 kacal. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa idan kayan huɗu ne, yaro ya fi daɗewa a kan abu ɗaya, kuma ya fi ƙirƙiro hanyoyin wasa da shi. Idan suka yi yawa, sai ya taɓa wannan ya yar, ya taɓa wancan ya yar. Duk uwar da ke kwashe kayan wasa daga tsakar gida kullum da yamma ta riga ta san haka.

[Hoto: matakalar Dutsen Dala da sassafe]

To, babbar sallah da ta zagayo, sai na ce wa yaron: "Bana ba mota. Ranar Asabar ni da kai za mu hau Dala." Ya ɓata fuska, ba zan ɓoye muku ba. Amma ranar da kansa ya zo ya tashe ni.

Mun tafi da sanyin safiya, da gorar ruwa da dabino a aljihu. Yana hawa yana ƙirga matakala, ƙirgar ta ɓace masa, ya ce sai mun koma ƙasa mun sake. Da muka kai sama ya yi shiru. Yaron da bakinsa ba ya hutawa ya tsaya yana kallon Kano shimfiɗe a gabansa, ga Gwauron Dutse can, ga hasumiyoyin babban masallaci, ga rufin kwano iya ganinka. Can sai ya ja mini riga ya ce, "Kawu, ina gidanmu?" Muka yi ta nema, muna bin titi da ido. A nan na ba shi labarin Barbushe da mutanen da suka zauna gindin dutsen tun kafin zuwan Bagauda. Yau fiye da shekara ke nan, duk baƙon da ya shigo gidan sai ya gaya masa ya taɓa ganin Kano gaba ɗaya.

Wanda ke Kano ba shi da uzurin rasa wurin zuwa. Gidan Makama na nan kusa da fada, ginin ƙarni na 15 da ake dangantawa da Muhammadu Rumfa, sarkin da ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499. A ciki yaro zai ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da idonsa, ya ga kayan yaƙi, ya gane cewa ganuwar da yake wucewa a adaidaita sahu tana da labari. Gidan zu na Audu Bako kowa ya san shi, sai dai shawarata ita ce a guje wa ranakun sallah in da ƙananan yara, saboda cunkoso. A bari sai hayaniya ta lafa.

Inda na fi so a kai yaro kuwa shi ne marinar Ƙofar Mata. A roƙi marini ya bar shi ya tsaya kusa. Zai ga an tsoma farin ƙyalle cikin ruwan baba, an ɗago shi da launi kore-kore, sannan a gaban idonsa iska ta buge shi ya riƙa komawa shuɗi. Yaro zai tambaya, "Me ya canza shi?" Amsar ita ce iskar da muke shaƙa ce ke haɗuwa da babar ta fito da launin, shi ya sa ake tsomawa ana ɗagowa, ana tsomawa ana ɗagowa, har shuɗin ya kama sosai. Darasin kimiyya ke nan ba allo ba bulala. Ku tafi da farar singileti ko ɗankwali, a rina masa ya dawo da abinsa gida. In an yi sa'a ya ji sautin mabuga suna bugun shadda, ya ga inda sheƙin ke fitowa.

Hawan sallah ma kyauta ce, in aka shirya shi a matsayin kyauta. Hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da take kiyayewa a watan Disamba na 2024, amma akwai yara a cikin birnin da ba su taɓa ganin Hawan Daushe ba sai a waya. Shekarar da aka yi hawa, a nemi wuri mai tsaro tun da wuri, nesa da ƙafafun dawakai, a riƙe hannun yaro gam. A rubuta lambar waya a takarda a sa masa a aljihu.

Ba Kano kaɗai ba. Na Daura ya kai yaro rijiyar Kusugu, ya ja guga da hannunsa ya sha, sannan a ba shi labarin Bayajidda da macijiya a bakin rijiyar. Na Katsina yana da hasumiyar Gobarau. Na Bauchi, in da hali, Yankari da ruwan ɗumi na Wikki. Na Yamai yana da gidan tarihi na Boubou Hama, mai ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe da kuma dabbobi masu rai. Wanda ke ƙauye kuma kada ya ce ba shi da komai: ranar kasuwa, maƙera, wurin masu ginin tukwane, kwana ɗaya a gona lokacin girbi, kowanne fita ce in babba ya ware ranar domin yaron, ya kashe waya, ya amsa tambayoyinsa.

[Hoto: hannun yaro riƙe da hoton da aka wanke]

Ga wani abu da ya kamata in faɗa tsakani da Allah. Ƙananan yara sun fi son abin da za su riƙe a hannu. Wani bincike da Lan Nguyen Chaplin ta jami'ar Illinois da ke Chicago ta jagoranta, aka wallafa a 2020, ya nuna cewa yara daga shekara 3 zuwa 12 sun fi samun farin ciki daga kaya fiye da fita ko yawon buɗe ido, sai sun fara tasawa abin ke juyawa. Dalili shi ne ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro ba ta riƙe abin da ya wuce kamar ta babba, tana buƙatar abin tuni. Saboda haka in kun fita, ku ɗauki hoto, kuma kada ku bar shi a waya. Ku kai a wanke, a manna a bango daidai tsayinsa. Ku adana tikitin shiga. Da daddare a ce, "Zo ka ba Hajiya labarin abin da ka gani." Kowace maimaitawa tana ƙara kafa ranar a ransa.

Akwai kuma kyautar koyarwa, wadda ba ta cin ko sisi. Gwaggon da ta iya saƙa ko kitso ta ce wa 'yar ɗan'uwanta, "Hutun nan kullum bayan la'asar ki zo." Kawun da ya iya gyaran keke ya ba yaro sifana ya riƙe. Kaka ta ware dare ɗaya a mako na tatsuniya.

Sai mu zo kan abin da ke ƙarewa. Na farko a wurina shi ne kayan zane: fensir mai launi, alli, takarda fara da yawa, yumɓu. Suna ƙarewa, kuma ƙarewarsu ita ce shaidar an yi aiki da su. Ɗan makarantar allo a saya masa sabon allo, da tawada da alƙalamin gamba nasa na kansa. Yarinya a kai ta lalle, amma jan lalle na ganye. Baƙin nan da ke kamawa cikin 'yan mintuna sau da yawa ana haɗa shi da sinadarin rinin gashi da ake kira PPD, yana iya ƙona fata ya bar tabo. Jarirai kuwa a ƙyale su da lalle gaba ɗaya, domin wanda aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD a jini, lalle na iya farfasa masa jajayen ƙwayoyin jini.

Abin ci kuma, maimakon a miƙa leda cike da alawar kanti, a kawo kayan haɗi a yi tare. Kilo ɗaya na fulawa, a zauna a murza cincin, yaro ya yanka nasa yadda ya ga dama, ko da karkatacce ne. Tuwon madara, gullisuwa, kantun riɗi, dakuwa, duk ana iya yi da yara a gefe. Wanda ya sa hannu a abinci daban yake cin sa, har ya ɗiba ya kai wa maƙwabta yana cewa shi ya yi. Sai dai a sassauta zaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abincin yini. Dabino, lemo, kankana, mangwaro a lokacinsa, duk tsaraba ce. A kula da abu biyu: ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, kuma gyaɗa ko aya gudanta ba ta ƙananan yara ba ce, tana iya sarƙe su.

Tunda ana maganar sarƙewa, ku duba kayan wasan da ke gidanku masu ƙyalƙyali da kuka. Da yawa suna ɗauke da ɗan ƙaramin batir mai kama da maɓallin riga. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, cikin awa biyu yana iya ƙona naman wurin. Ba a jira, ba a sa shi amai, asibiti ake yi kai tsaye. Bindigar roba mai harsashi da abin fashewar da yara ke kunnawa da sallah kuwa, don Allah a daina saya. Ido ba shi da sauyi.

[Hoto: kaza da 'yan tsaki a tsakar gida]

Na bar wannan a ƙarshe domin ita ce ta fi kwanta mini, kuma ba sabuwa ba ce, iyayenmu sun daɗe suna yi. A ba yaro abu mai rai. Ƙwayar wake a gwangwanin madara, kafin mako ta tsago ƙasa. Irin zogale a gefen rijiya, ya riƙa ba shi ruwa, wata rana a ci kwaɗon ganyen da ya shuka. Ko kuma kaza. A gidajenmu na da, kaka kan nuna budurwar kaza ta ce, "Wannan ta wane ce." Ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe, a sayar da wasu a haɗa a sayi 'yar akuya, akuya kuma wata biyar take ɗauka ta haihu. Akwai 'yan matan da kayan ɗakinsu daga kazar kaka suka faro.

Bana kaza na kai wa ɗan yayata, bayan na nemi yardar uwarsa, domin ita za ta sha ɗawainiyar in ya yi sakaci. Wake-wake ce, ya sa mata suna da kansa. Shi ke zuba mata tsaki da ruwa kafin ya tafi makaranta, shi ke rufe akurki da magariba. Da ta fara kwanci na gaya masa kwana 21 ƙwai ke yi, sai ya samo gawayi yana jan layi ɗaya a jikin katanga kowace safiya. Ranar da layin ya cika, ko sallar asuba ban gama azkar ɗinta ba waya ta yi ƙara. Muryarsa ce, yana haki: "Kawu, sun fito! Bakwai ne, ɗaya bai fasa ba tukuna. In taimaka masa?" Na ce a'a, ya bar shi, da kansa zai fito. Ya ce to, zai zauna a wurin ya jira.