Mai Yankan Tikiti a Zamanin Waya: Wane Aiki Ya Tafi, Wane Ya Rage?

Assalamu alaikum, masu kallo. Daga ranar 1 ga Yuni, 2008, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta daina bayar da tikitin takarda. Tun daga nan tikiti ya koma lamba goma sha uku a cikin kwamfuta, ukun farko suna nuna kamfanin jirgin. A nan gida kuma, jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ya fara sayar da tikiti ta intanet a farkon 2021. Yau mutum yana zaune a Samaru ta Zariya zai zaɓi kujerarsa daga Rigasa zuwa Idu, ya biya da kati, bai ga fuskar kowa ba. To matashin da ke sha'awar aikin bukin (wato ajiye wa fasinja kujera) da yankan tikiti, ya ci gaba ne ko ya nemi wata sana'a?

Gaskiya, sashen da ke da sauƙi ya riga ya tafi. Fasinja ɗaya, Kano zuwa Legas, zuwa kawai, kuɗi a hannu: wannan kam, manhaja tana yin sa cikin minti biyar, ba ta barci, ba ta zuwa hutun sallah. Duk wanda iyakar iyawarsa ke nan, waya ta riga shi. Kamashon da kamfanonin jirage ke ba ejan, wato wakilin da ke sayar musu da tikiti, ma ya ragu ƙwarai, galibin ofisoshi yanzu da kuɗin hidimar da suke ɗorawa suke rayuwa. Kuma ba wanda zai biya kuɗin hidima a kan abin da ɗansa zai yi masa a waya.

Abin da bai tafi ba shi ne gyara. Mu duba shi da kyau, don a nan abincin yake.

Ejan na gaskiya ba shafin kamfani yake buɗewa kamar kowa ba. Yana aiki ne da babbar manhajar da ta haɗa jiragen duniya, wato Amadeus, ko Sabre, ko Galileo. A Amadeus, idan ka rubuta AN15DECKANJED, kana tambayar guraben da ke akwai ranar 15 ga Disamba daga Kano zuwa Jidda. Kowane bukin sai ya cika abu biyar kafin ya tsaya: sunan fasinja, hanyar tafiya, lambar tuntuɓa, ranar da za a yanki tikiti, da sunan wanda ya ba da umarni. Sai na'ura ta ba ka lamba mai harafi shida, PNR. Lura, wannan ajiye kujera ne kawai, ba tikiti ba ne. Akwai wa'adi. Idan ya wuce ba a biya ba, kujerar ta koma kasuwa, gobe kuma farashi ya canza. Rigima da yawa tsakanin ejan da mai kuɗi daga nan take tasowa: Alhaji ya ce zai turo da yamma, ya turo washegari, ya tarar an ƙara.

Sai suna. Wannan ita ce masifar ƙasarmu. Mutum ɗaya, a fasfo Mohammed, a katin ɗan ƙasa Muhammad, shi kuma ya aiko ta WhatsApp da Muhammadu. Ƙa'ida ɗaya ce: abin da ke fasfo, harafi da harafi. Kada ka karɓi suna da baki. Ka nemi hoton shafin fasfon, ka kwafa daga layuka biyun nan na ƙasa, ka duba ranar ƙarewarsa a lokaci guda, domin Saudiyya da ƙasashe da dama suna son fasfo ya rage aƙalla wata shida. Idan ka gano kuskure a ranar da ka yanka, yawanci za ka iya soke tikitin kafin sha biyun dare ba tare da asara ba. Ya kwana, sai tara, ko dogon roƙo a wajen kamfani. Sauya tikitin wani ya koma na wani kuwa, kusan ba a yi.

Ga wani tarkon da manhaja ba za ta ja maka kunne a kai ba. Tikiti ya ce tashi 00:30 ranar 15. Wannan daren 14 ne. Hajiya ta karanta sha biyar, ta shirya barin Tudun Wada da la'asar ɗin ranar 15, alhali jirginta ya sauka tun da asuba. An rubuta ta cikin waɗanda ba su zo ba, kuma a yawancin kamfanoni da zarar ka rasa zangon farko, sauran zangunan har da na dawowa sun mutu. Ejan mai hankali yakan kira ya ce, "Hajiya, ranar sha huɗu za ku bar Zariya, ku isa filin jirgin Kano kafin tara na dare." Wannan kira na minti ɗaya ya fi duk wata manhaja daraja.

Canjin rana ma lissafi ne. Cikin aji ɗaya na jirgi akwai farashi kala-kala, kowane da harafinsa da sharaɗinsa. Mai son canji zai biya tara, sannan ya biya bambancin farashi idan harafinsa ya ƙare, wani lokaci har da bambancin haraji. Ka yi kuskure a lissafin, kamfanin jirgi ya aiko wa ofishinku takardar biyan tara da ake kira ADM, kuma daga aljihun ofis za ta fita. Shi ya sa mai ofis zai iya sallamar mutum uku masu shigar da suna, amma ba ya wasa da mutum ɗayan da ya iya sake yankan tikiti da dawo da kuɗi. An ga amfaninsu a 2022, lokacin da kuɗaɗen kamfanonin waje suka maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala, wasu suka rufe kujerun araha, Emirates ma ta dakatar da zuwa. Fasinjojin da tafiyarsu ta rikice, mutum suka nema, ba manhaja ba.

A Zariya, kasuwar da ta fi kauri ita ce Umara da Hajji, sai malaman jami'ar ABU masu zuwa taro, ɗalibai masu fita karatu, da marasa lafiya masu zuwa Masar ko Indiya. Saudiyya ta kawo manhajar Nusuk da mutum zai shirya tafiyar Umara da kansa, amma dattijo mai tafiya da iyali takwas, ciki har da mai keken guragu da jariri, amana yake nema. Sai dai a sani, harkar jigilar alhazai sai da lasisin hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON. Kada ka karɓi kuɗin Hajjin kowa da sunan wani ofishin da ba ka ga takardarsa ba.

Tashoshin mota kamar na Kwangila? Can har yanzu ɗan kamasho ne da rajistar fasinja da biro, abin da ya sauya shi ne tiransifa da POS. Ba nan gasar take ba tukuna.

To me za ka koya? Manhaja ɗaya cikin ukun nan, ka iya ta da umarnin rubutu, ba danna-danna kawai ba. Lambobin filayen jirgi: KAN (Kano), KAD (Kaduna), ABV (Abuja), LOS (Legas), JED (Jidda), MED (Madina). Karanta sharuɗɗan farashi da Turanci, ka iya fassara su da Hausar da tsohuwa za ta gane. Dokokin biza da na yada zango. Ɗan Larabci ƙari ne babba. IATA tana da kwas na fannin tafiye-tafiye, amma wata shida a gefen gwani a ofis mai rajista shi ke zaunar da hannu. Mai son wuce aikin sayar da tikiti gaba ɗaya kuma, ga kwalejin koyon tuƙin jiragen sama nan a Palladan tun 1964, ya je ya duba kwasa-kwasanta na ma'aikatan jirgi da na ƙasa.

Ranar da ka je neman aiki, da wuya a tambaye ka ko ka iya bukin. Za a miƙo maka tikitin da aka riga aka yi rabin tafiyarsa, a ce mai shi yana Madina, yana son ya ƙara kwana huɗu, nawa zai biya.