Sharhi: Takardun aljihu da ƙagaggun labaran masu sauya jinsi a Jamus ta 'yan Nazi

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhin namu na yau ya shafi wani reshe na adabi da ke ƙara yaɗuwa a Turai da Amurka, wato ƙagaggun labarai da ake ginawa a kan tarihin masu sauya jinsi a Jamus ta zamanin Hitler. Ana nufin waɗanda aka haifa maza suka rayu a matsayin mata, da waɗanda aka haifa mata suka rayu a matsayin maza. A ganinmu, ingancin irin wannan labari yana rataye ne a kan takardu. Marubucin da bai san abin da ke cikin aljihun tauraruwarsa ba sa'ad da ɗan sanda ya tare ta a tashar jirgin ƙasa, to bai san yadda ta kai gobe ba.

Tun wajen 1909 'yan sandan Berlin suka fara ba da wata takardar shaida ga irin waɗannan mutane, bisa ƙoƙarin likita Magnus Hirschfeld, wanda ya buɗe cibiyar binciken jinsi a birnin a 1919. Mai nema zai kawo rahoton likita da hotonsa, 'yan sanda su buɗe masa fayil, su buga hatimi. Takardar ba ta canza jinsin da ke rajistar haihuwa. Iyakarta ta nuna hukuma ta san mai ita yana sanya waɗannan tufafi, don kada a kama shi da laifin tada hankalin jama'a a ƙarƙashin sashe na 183 ko na 360 na dokar laifuffuka. Suna ma, galibi sai wanda mace da namiji ke iya amsawa ake yarda da shi, kamar Toni ko Alex.

To a nan gizo ke saƙar. Fayil ɗin da ya zama garkuwa kafin 1933, shekarar da Hitler ya hau mulki, shi ya zama tarko bayanta, domin suna da hoto da adireshi duk suna hannun hukuma. Ranar 6 ga Mayun 1933 aka afka wa cibiyar Hirschfeld, ranar 10 ga wata aka ƙone dubban littattafanta a dandali. Shi kansa yana waje a lokacin, kuma a Faransa ya mutu a 1935. A Nuwamban 1933 hukumomin Hamburg suka umarci 'yan sanda su sa wa waɗannan mutane ido, su tura su sansanin gwale-gwale idan sun ga dama.

Daga nan takardu suka yi ta ƙaruwa, kowace da haɗarinta. A 1935 aka fito da littafin aiki, wanda ba a ɗaukar ma'aikaci sai da shi. A shekarar aka dawo da aikin soja na dole, kuma duk wanda rajista ta ce namiji ne, in shekarunsa sun faɗa ciki, zai tsaya tsirara gaban likitan soja. A 1938 katin shaida mai hoto da zanen yatsu ya fito. A ƙarshen Agustan 1939 aka fara rabon abinci da kati. Wanda ya canza gida kuma dole ya yi rajista wurin 'yan sanda. Saboda haka idan marubuci ya ce tauraruwarsa ta gudu wani gari ta ɓace, mai karatu na da haƙƙin tambaya: da wane suna take karɓar burodi, wa ya ba ta ɗaki, me ta nuna wa mai gidan? Labarin da ya tsallake waɗannan tambayoyi ya tsallake wurin da tsoro yake.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauka kowa makomarsa ɗaya. Sashe na 175 na dokar laifuffuka, wanda aka tsaurara a 1935, ya haramta tarayya tsakanin maza ne, kuma an hukunta mutum kusan dubu 50 da shi a zamanin 'yan Nazi. Wadda aka haifa namiji take rayuwa a matsayin mace, kotu takan ɗauke ta a matsayin namiji, don haka wannan sashe yakan hau kanta. Haka ya faru da Liddy Bacroff ta Hamburg. An ɗaure ta ba sau ɗaya ba, a 1938 wani ya tsegunta wa 'yan sanda ya ga namiji da kayan mata a wata mashaya, daga ƙarshe aka kashe ta a sansanin Mauthausen a Janairun 1943. Amma ga Gerd Kubbe na Berlin, wanda aka haifa mace. An ƙwace takardarsa, aka kai shi sansanin Lichtenburg a Janairun 1938, sai kuma aka sake shi a Oktoba tare da izinin sanya kayan maza, 'yan sanda na biye da shi. Gwamnati ɗaya, shekara ɗaya. Abin da ke raba su shi ne zargin da aka liƙa wa mutum, da jami'in da ya faɗa hannunsa, da kuma asalinsa, domin wanda aka rubuta Bayahude haɗarinsa ya ninka. Charlotte Charlaque, mai asalin Yahudawa, ta tsere zuwa Chekoslobakiya a 1934 tare da Toni Ebel mai zane. An kama ta a Prague a 1942, alaƙarta da Amurka ce ta sa aka saka ta cikin musayar fursunoni.

Sai maganar harshe, a taƙaice. Kalmomin da ake amfani da su yau babu su a 1938, kuma mu ma kalmar 'yan daudu ba ta yi daidai da wannan yanayi ba. A bar kowa ya yi magana da bakin zamaninsa.

Abin da ya fi damunmu shi ne saurin da marubuta ke yi su rufe littafi da gawa, ko da shigowar sojojin ƙawance a 1945. Jamus ta Yamma ta riƙe sashe na 175 yadda 'yan Nazi suka bar shi har 1969, ba a soke shi ɗungurungum ba sai 1994. Ku dubi Dora Richter, mai aikin gida a cibiyar Hirschfeld, wadda aka kammala yi wa tiyatar sauya jinsi a 1931. Shekara da shekaru ana rubuta cewa an kashe ta a harin 1933. Sai a 'yan shekarun nan bincike a rajistar coci da ta hukuma ya nuna ta koma yankinsu na Bohemiya a Chekoslobakiya, aka amince mata da sunan Dora a 1934, aka kore ta tare da sauran Jamusawa bayan yaƙi, ta zauna a garin Allersberg na jihar Baberiya a kudancin Jamus. A can ta rasu a Afrilun 1966 tana da shekara 74, kuma tsofaffin garin sun tuna ta da wata tattabara da take yawo da ita a jakar hannu.