Amsoshin Tambayoyinku: Fensirin Kala Mai Narkewa a Ruwa

Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato fensirin kalar nan da ake zane da shi, a bi shi da jiƙaƙƙen buroshi ya narke ya koma fenti. Bari mu fara da wadda ta fi kowa ƙorafi.

Wata baiwar Allah mai haɗa katin gaisuwa da hannu ta ce ta zana furanni, da ta shafa ruwa sai takardar ta tattare, ta yi tudu da kwari, kalar kuma ta taru wuri ɗaya. Tana tambaya ko jabun fensir aka sayar mata.

To 'yar'uwa, da wuya a ce laifin fensir ne, takardarki nake zargi. Takardar da ake buga rubutu da ita a ofis nauyinta giram 80 ne a murabba'in mita ɗaya, ita kuwa ta fentin ruwa wadda aka fi amfani da ita giram 300 ce. In ruwa ya shiga takarda, wurin da ya jiƙe yakan kumbura, wurin da bai jiƙe ba yana nan yadda yake, shi ya sa siririyar takarda take lanƙwashewa, ruwa ya gangara cikin kwarin ya tafi da kala. Ki nemi mai kauri, ki manne gefunanta huɗu a jikin katako da salatif na takarda, kada ki ɓanɓare sai ta bushe ƙarau. Shawarata kuma, kada ki yi zanen a jikin katin kansa. Ki yi shi a wata takarda daban, ta bushe, ki yanka da almakashi ki manna. Ko zanen ya lalace, katin bai tafi a banza ba.

Wani ɗalibi kuma yana son sanin bambancin wannan fensiri mai narkewa da fensirin kala da muka saba. Bambancin yana cikin abin da ke riƙe garin kalar. Na yau da kullum da kaki ko mai ake ɗaure shi, ruwa ba ya kama shi. Wannan kuwa an haɗa shi da sinadarin da ke narkewa a ruwa. Kuma ba sabon abu ba ne: kamfanin Caran d'Ache na ƙasar Suwizalan ya fito da nasa mai suna Prismalo tun 1931. Yawanci za ka ga hoton ɗan buroshi a jikin fensirin.

Tambaya ta uku ita ce na fi so, daga wani malamin makaranta. Ya ce komai ruwan da ya sa, layukan fensir ba sa ɓacewa, suna nan kamar karce a ƙarƙashin fentin.

Malam, hannunka ne ya yi nauyi. In ka danna, bakin fensir yakan tona takarda ya cusa kalar cikin ramin, buroshi kuma ba ya kaiwa can. Ka kwantar da fensirin, ka shafa da gefensa a hankali, in kalar ba ta kai yadda kake so ba ka ƙara wani shafin a kai. Wajen sa ruwa ka fara daga inda kala ta fi haske ka nufi inda ta fi duhu, don in ka juya, buroshi zai kwaso duhun ya cinye hasken. In kuwa ba ka son ganin layi ko kaɗan, kada ma fensirin ya taɓa zanen: ka goga shi a guntuwar takarda, ka ɗebo kalar da jiƙaƙƙen buroshi, ka yi fentinka. Ni kam, gaskiya, ina son a bar ɗan layin a wasu wurare, kamar jijiyar ganye ko gashin tsuntsu, domin abin da fentin ruwa zalla ba zai ba ka ba ke nan. Sai ka kula, kalar takan ƙara ƙarfi sosai in ta sha ruwa. Wani shuɗin da ka raina a bushe zai ba ka mamaki. Ka shafa kowane fensir a takarda ɗaya, ka jiƙa rabin shafin, ka rubuta lambarsa a gefe, ka ajiye kusa da kai.

Sai wata mai buga hatimin roba a katinta, ta ce baƙar tawadar tana malalewa ta ɓata komai. Hajiya, tawadarki ce mai narkewa a ruwa. Ki nemi wadda ruwa ba ya ɗagawa, irin StazOn ko VersaFine, in alƙalami ne kuma irin Pigma Micron, ki bari ta bushe kafin ki kawo ruwa kusa. Takarda mai santsi ta fi mai kaushi fitar da hatimi tsaf.

Akwai mai haɗa fenti da yankakkun takardu da gam a zane ɗaya. Ya ce da ya shafa gam a kan abin da ya fenta jiya, kalar ta tashi ta dame. Haka ne, ɗan'uwa, yawancin kalolin irin wannan fensiri ko sun bushe, danshi na sake tayar da su, farin gam kuwa ruwa ne a cikinsa. Ka shafa gam a bayan abin da za ka manna, ban da fuskar zanen. Ko ka koma ga fensirin Inktense na kamfanin Derwent da ke Ingila, wanda in ya narke duka ya bushe, ya zauna ke nan kamar tawada, har a yadi ana amfani da shi. Amma fa shi ba ya yafe kuskure, ba a ɗauke shi da tishu bayan ya bushe. In kuma kana son wani wuri ya tsaya fari, ka goga masa farin kyandir tukuna, kalar za ta zame ta bar shi.

Ta ƙarshe gajera ce: ana iya tsoma fensirin cikin ruwa? Ana iyawa, yana ba da layi mai kauri da haske, amma bakin kawai, kada ruwa ya taɓa icen, don yakan kumbura ya tsage. Kuma kada a fiƙe shi yana jiƙe, marmashewa zai yi. A bar shi ya sha iska kafin a mayar da shi cikin kwalinsa.