Zauren Fasaha: In an ba da aikin kwangila, wa zai koya wa na baya?

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga nan Gusau. Ni ce Hadiza, tare da Malam Sani da ƙanenmu Nura. Malam, ka ce maganar ba wa kamfanonin waje aikin kwamfuta tana ci maka tuwo a ƙwarya.

Malam Sani: Ƙwarai kuwa. A ma'aikatar da na fara aiki, mu shida ne a ɗakin kwamfuta. In sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan ma'aikata, ta tsaya, nan za mu yi la'asar, mu yi magariba, a aiko da shayi da burodi. Babba yana gyara, yaro yana miƙo masa waya yana kallon hannunsa. Haka na koya, kamar yaron makanike a gareji. Da aka ba wani kamfani na Abuja kwangilar komai, sai muka koma 'yan buga waya. Abu ya lalace, ka kai rahoto, ka zauna jira. Ko kalmar sirrin sabar ba ta hannunmu. Yaran da aka ɗauka bayan nan sun shekara biyu ba su buɗe cikin na'ura ba.

Nura: Allah ya gafarta Malam, ni kuma wannan tsarin ne ya rufa mini asiri. Da na gama kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙauran Namoda ban samu aiki ba, sai wani kamfani a Amurka ya fara ba ni rubutun manhaja. Da dala ake biyana, ina ɗakina.

Hadiza: Ni ma ba zan ɓoye ba. Da aure da goyo, aiki daga gida ne ya sa ban ajiye sana'ar ba. Amma Nura, in ka yi kuskure, wa ke zama da kai ya nuna maka?

Nura: Gaskiya Yaya, babu. Layi biyu za a rubuto, a ce gyara. Taronmu ma sai dare, domin mun riga su da awa biyar ko shida. Abin da ya fi taɓa ni shi ne rasuwar mahaifinmu. Saƙo ɗaya na gani, sannan aka tambayi ranar da zan miƙa aiki.

Malam Sani: Allah ya jiƙansa. A da, ofis gaba ɗaya za a cika mota a zo ta'aziyya. Da suna, da biki, da adashin ƙarshen wata, duk a ɗakin nan ake ƙulla su.

Nura: Amin. Sai kuma watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro. Kafin in tattara in isa Kano in samu intanet, an ba wani aikina.

Hadiza: Kun tuna Andela? A Legas ta fara a 2014, tana horar da matasa tana haɗa su da kamfanonin waje. A 2019 ta sallami ƙananan injiniyoyi kusan 400, ta ce ƙwararru kasuwa take nema.

Malam Sani: To, nan gizo ke saƙar. Kowa na son ƙwararre, ba mai son rainonsa. Ni ban ce kada a ba da kwangila ba, wani aikin ya fi ƙarfinmu. Amma a rubuta a yarjejeniya cewa ɗan kwangila zai zauna da ma'aikata biyu har su iya, kuma ya miƙa takardun aikin da kalmomin sirri kafin a biya shi cikon kuɗinsa.

Nura: Mu da ba mu da ofis fa, Malam?

Malam Sani: Shagona na nan a Tudun Wada, akwai sola. Ranar Asabar bayan la'asar ka zo da kwamfutarka, ka taho da yara biyu daga unguwarku. Ni in nuna muku haɗa sabar, kai ka nuna mana manhajarka.

Hadiza: A ajiye mana benci, ni ma zan zo da ɗalibaina mata.